Askin Kan Yumɓu

Ƙasar garin Greensboro, a Amirka, ja ce. Ranar da na fara ganin ma'aikata sun haƙa rami a bakin titi, na tsaya ina kallon jar turɓayar da suka tara har bas ɗina ya wuce ni. Irin ta bayan garinmu ce sak, can Nijar, inda mata ke ɗebo yumɓun tukwane. Ban taɓa tsammanin wata rana wannan ƙasa za ta maido mini da abin da na ɗauka ya ɓace ba.

Ni wanzami ne, ɗan wanzami. Gidanmu ne ke yi wa sarkin garinmu aski tun kafin a haife ni. Amma a Amirka aikina goge ƙafafun kujeru ne a wata masana'anta, in wuni cikin ƙurar katako in dawo gida fari fat. Zabirata, jakar fatar da asake ke ciki, tana rataye a cikin kabad. Ba na fito da ita sai an yi haihuwa a cikin mutanenmu an kira ni askin suna.

A wajen irin wannan askin ne maganar ta taso. Akwai wani likita da ke zaune a Irving Park, unguwar manyan gidaje da itatuwa masu inuwa, jikan sarkinmu ne da ya rasu tun da daɗewa. An haifa masa ɗa, na je na aske jaririn. Da aka watse cin abinci sai ya ja ni wani ɗaki mai littattafai, ya ciro wani tsohon hoto ya miƙo mini.

"Baba, an ce kai ne na ƙarshe da ya yi wa kakana aski."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Don Allah ka ajiye ranka ya daɗen nan. A garin nan da kaina nake fitar da shara."

Hoton sarki ne, shi kaɗai ne kuma aka taɓa ɗauka. Yana zaune da rawani, amawali ya rufe masa baki da hanci, inuwar rawanin ta cinye idanun. In ban da tarin farin ƙyalle ba abin da mutum zai gani. Likita ya ce bayan rasuwar kakan nasa aka haife shi. Ya gina gidan karatu kusa da tsohuwar fada, yana so a tsayar da mutum-mutumin sarki na tagulla a ƙofarsa. Ya sami mai yi, amma ta ce ba za ta iya fitar da fuska daga cikin ƙyalle ba, sai an kawo wanda ya ga kan a buɗe. Fadawan zamanin duk sun rasu. Saura ni.

"Gunki ke nan fa," na ce.

"Ba wanda zai yi masa sujada, Baba. Tantabaru ne kawai za su riƙa sauka a kansa."

Na yi kamar mai nazari, amma gaskiya tun kafin ya rufe baki na yarda. Shekaru ina goge katako ba wanda ya taɓa tambayata abin da na sani. Ran nan sai ga ɗan sarki yana neman abin da ke hannuna.

Ranar Asabar ya kai ni Pleasant Garden, kudu da gari, inda gidaje ke nesa da juna kamar an watsa su da hannu. Mai aikin wata tsohuwar Baturiya ce, doguwa, farin gashinta ɗaure a ƙeya, sanye da rigar maza da yumɓu ya bushe a jiki. Da na ga tafin hannunta sai na saki jiki, don irin na masu ginin tukwanen garinmu ne, duk ya farfashe. Rumfar aikinta tana bayan gida cikin dogayen itatuwa. A jikin bango akwai katakai jere, a kansu kuma ƙananan kawunan mutane na gasasshen yumɓu, kowanne bai wuce ƙaramar kwarya ba. Wasu da hular soja, wasu da dogon gashi, wata ma da kambin sarauta irin na Turawa. Duk sun zuba mana ido muna shiga, har na ji bakina ya yi sallama da kansa.

Likita ya fassara mini yadda take aiki. Ba a farawa da tagulla. Sai ta gina ƙaramin kai na gwaji, ta gasa shi a murhunta don ya daɗe, ta sake gina wani, ta jera su ana dubawa. Wanda aka yarda da shi, shi za ta gina babba daidai girman kan mutum, daga nan a ɗauki siffarsa a zuba narkakkiyar tagulla. In an zuba kuwa, an gama, ba gyara.

"Maganarka ce za ta tsaya a ƙofar nan har bayan jikokinmu," in ji Likita. "In ka ce shi ne, to shi ne."

Daga wannan rana na riƙa zuwa ni kaɗai a tsohuwar motata duk Asabar. Turancina na wurin aiki ne, bai kai ga kwatanta fuska ba, ita kuma Madam, haka nake kiranta, ba ta jin komai nawa. Sai muka koma magana da hannu. Takan tsoma yatsuna a ruwa ta ɗora su bisa yumɓun, ta nuna mini in rufe ido.

Da na rufe ido sai rumfar ta tafi. Sai in tsinci kaina a wani ɗan ɗaki can cikin fada, safiyar Juma'a, haske yana zubowa ta ƙaramar taga, ƙamshin turaren wuta yana cakuɗe da na sabulu. Sarki zaune a kan buzu. Shi da kansa yake warware rawaninsa, sannu-sannu, yana tara shi a cinya. Ba mai ganin wannan sai mu biyu, ni da babana. In rawanin ya sauka sai ka ga ɗan kai ƙarami, na tsoho, kamar na kowa, har da gumi a inda hula ta danne.

Da farko babana ke askin. Da hannunsa ya fara rawa sai aska ta dawo hannuna, shi kuma ya koma zama a gaban sarki ta gefe, gwiwa a ƙasa. Abu na farko da ya koya mini shi ne ba a haɗa ido da sarki, ko da hancinka na kusa da taɓa kumatunsa. Kuma ba a magana in aska tana kan sarki. Saboda haka da fuska babana ke yi mini jagora. In ya ɗaga gira, in sassauta. In ya runtse ido ɗaya, akwai ƙurji a gaba, in kauce masa.

Yatsuna ba su manta da komai ba. Bayan kunnen hagu akwai wani ɗan tudun ƙashi da aska ke tuntuɓe a kai in ba a yi hankali ba. A tsakiyar kai akwai ɗan kwari, wai daga faɗuwar da ya yi daga bisa katanga yana yaro. A ƙeya fata ta ninke, sai an ja ta da babban yatsa kafin a bi. Na danna yumɓun nan, na ƙara can, Madam tana bin bayana tana lallashe inda na yi kaushi. Wani lokaci in na buɗe ido sai in ga rana ta karkata, ban san sa'ad da ta tafi ba.

Da muka gama da bayan kai sai ta juyo da shi, ta taɓa wurin hanci, ta taɓa wurin baki, ta dube ni. Na rufe ido. Sai ga fuska ta taso mini cikin hasken tagar nan, cikakkiya, ba wahala, kamar dama tana bakin ƙofa tana jira a kira ta. Dogon karan hanci mai ɗan lanƙwasa. Kumatu da suka faɗa. Tsagar garinmu a gefe da gefe. Leɓen ƙasa da ya ɗan shige ciki ta hagu. Ban tambayi kaina komai ba. Fuskar da na gani a ɗakin sarki ce, to ta wa za ta zama?

Kowace Asabar sai in tarar da sabon kai ya fito daga murhu, ja kamar garwashin da ya huce, in ka ƙwanƙwasa shi da farce ya yi ƙara siririya. Ta ware mana katako guda ta jera su. Na farkon bai yi kama da kowa ba. Na gaba da shi kamar wani da ka taɓa gani a kasuwa. A hankali mutum ya riƙa fitowa, kamar mai tahowa daga nesa a kan hanya, da fari ɗigo, sannan riga, sannan tafiyar da ka sani. Nakan ce mata da hannu ta ɗan karkatar da kan gefe, ta ƙara kaɗan, don haka nake ganinsa. A wurin aiki ma sai in ga ƙafar kujera ta zama wuya a hannuna, in riƙa shafa ta a hankali har mai duba aiki ya taɓa ni.

Hajiya, matata, ba ta bar ni na huta ba.

"Malam, da farin gemunka ka koma ginin 'yartsana?"

"Aikin sarauta ne, Hajiya."

"To, Allah Ya ja zamanin sarkin laka. In ya naɗa ka wani abu ka tuna da mu."

Lokacin da ganyayen itatuwa suka fara yin ja da rawaya suna zuba a kan titi, wani kai ya fito daga murhu wanda ina ganinsa na shaida shi. Na ɗauke shi da hannu biyu, da sauran ɗuminsa. Na ce da Madam shi ne, da Hausa na faɗa, ta kuma gane. Ta naɗe shi a jarida ta ba ni in kai wa Likita, ita kuma ta shiga ginin babban.

Likita yana asibiti ranar, sai na wuce da shi gida. Hajiya ta tare ni a ƙofa.

"Ba dai ɗakina ba. Ka bar shi a baranda, kada ya kore mana mala'iku."

Na ajiye shi a kan kujerar baranda. Bayan la'asar ina shan shayi sai ga ta ta fito tana goge hannu a zane.

"Bari dai in ga wanda ya hana ka cin tuwo da zafi."

Ta warware jaridar tana murmushi. Hasken yamma ya faɗa a kan jan yumɓun. Sai na ga murmushin ya ɗauke. Ta kai hannu ta jawo mayafinta ya rufe goshi, ta sunkuyar da kai, ta ɗan rage tsawo kamar mai shirin durƙusawa. Rabon da in ga ta yi haka tun tana amarya a gidanmu.

"Lafiya?"

"Malam, wa ka ce wannan?"

"Sarki mana."

"Rufe shi."

"Me ya faru?"

"Baba ne," ta ce a hankali, kamar kada ya ji. "Wallahi Baba ne, mahaifinka. Dubi leɓen. Haka yake cije shi in yana wasa aska. Kuma wane sarki ka taɓa gani da kai a karkace? Sarki kansa a miƙe yake. Wannan mai sauraron aska ne."

Na ajiye shayin na matsa kusa. Na juya kan ta baya: ga tudun bayan kunne, ga ninkin ƙeya, na sarki ne ba shakka. Na juyo da shi: babana. Duk shekarun da na yi ina aski a ɗakin nan, kan sarki yana hannuna, amma idona yana kan fuskar babana. Fuskar sarki yanki-yanki na san ta, nan haɓa, nan gefen kunci, iya inda aska ke bi. Ban taɓa ganinta a haɗe ba.

Hajiya ta fi ni sanin fuskar nan a ƙarshenta. Bayan rasuwar sarki na ce wa babana zan je Abijan neman kuɗi, damina ɗaya in dawo. Ya ce to, ya ɗauko zabirarsa ya ba ni, wai ko a can akwai kawuna. Damina ta bi damina. Ita ce ta zauna da shi, ita ke kai masa fura har ya kwanta ciwo. Ta taɓa gaya mini cewa a shekarunsa na ƙarshe wani baƙon wanzami daga ƙauye ke zuwa yi masa aski, shi da ya haifi wanzami. Labarin rasuwarsa a bakin wani direba na ji, kafin mu ƙauro Amirka ni da ita. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba. Na daɗe ina neman fuskarsa a raina, in sami murya, in sami hannu, fuskar ta ƙi zuwa, har na haƙura na ce hukuncina ke nan. Ashe tana nan, tana jiran a tambaye ni fuskar wani.

Washegari na kai wa Likita. Ya karɓa da hannu biyu, ya kai shi bakin taga, ya daɗe yana kallo. Idonsa ya cika da ƙwalla.

"Kakana ke nan, Baba?"

Na ce, "Allah Ya jiƙansa."

Ya ce amin. Na fito na shiga mota, ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba.

Kwanakin da suka biyo baya kamar a mafarki na yi su. Ina goge katako ina ganin ƙofar fada, daidai wurin da babana ke tuɓe takalmi ya rataya zabira a kafaɗa ya shiga a sunkuye. Sai in gan shi tsaye a wurin, dogo, na tagulla, rana tana ƙyalli a goshinsa, yara suna wucewa ana nuna musu shi. Wa zai sani? Waɗanda suka san fuskar sarki duk suna ƙasa. Waɗanda suka san ta babana ma saura kaɗan, kuma wa zai nemi wanzami a cikin rawani? Na ce a raina, ban koma na aske masa kai ba, ban ɗauki makararsa ba, to ga abin da zan ba shi.

Wata safiya Hajiya tana zuba mini kunu sai ta tayar da maganar.

"Ka gaya wa ɗan mutane?"

"Zan gaya masa."

"Mutumin da ko hoto bai yarda da shi ba, shi za ka tsayar a tsakiyar rana da rawanin da ba nasa ba? Jikokin wani suna gaishe shi yana amsawa? Malam, ka san shi fa. Kunya ce za ta ishe shi har cikin kabari."

Na sha kunun ban ji ɗanɗanonsa ba.

A ƙarshen makon Likita ya kira ni. Ya ce tun da ya ga kan nan yake sha'awar a yi masa irin askin kakansa, da aska, ba da inji ba. Na ɗauki zabira na tafi. Muka shimfiɗa darduma a barandar bayan gidansa, ganye yana faɗowa ɗaya-ɗaya a kan ciyawa. Na jiƙa masa kai, na shafa sabulu, na wasa aska a fata. Na fara daga goshi na yi baya. Da na zagayo bayan kunnen hagu sai babban yatsana ya hau wani ɗan tudu, hannuna ya kauce masa da kansa tun kafin in yi tunani. Tudun nan ne. Ga shi da rai, da ɗumi, a kan wani mutum da bai taɓa ganin mai shi ba. Sai na ji kamar an buɗe ƙaramar tagar nan, na ji kuma akwai wani a gabana ta gefe, gwiwa a ƙasa, ya ɗaga gira.

Na ɗage aska.

"Likita, kan da na kawo maka, ƙeyar ta kakanka ce. Fuskar ta babana ce."

Bai motsa ba. Na gaya masa duka, da yadda ake zama a ɗakin, da abin da Hajiya ta gani, da kwanakin da na yi na sani na yi shiru. Sabulu yana ta bushewa a rabin kansa. Can sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya yake yi.

"Baba, sai da ka ɗora mini aska a wuya za ka gaya mini? Ai ko me ka ce dole in ce na yafe."

"Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe."

"Kuma na yi ta kuka a gaban babanka! Har na nuna wa yara na ce ga hancinmu." Ya goge ido da bayan hannu. Dariyar ta tsaya, muryarsa ta sauka. "To shi ke nan, ba wanda ya san fuskarsa."

"Ba kowa."

"Ƙarasa mini askin, kada in je asibiti da rabin kai."

Asabar ta gaba muka tafi Pleasant Garden tare a motata, kan gwajin yana naɗe a jaridarsa a kan cinyar Likita. Likita ya yi wa Madam bayani. Ta zauna a kan bokiti ta dube ni, ta dubi jerin kawunan, ta ce wani abu. Wai tun tuni take jin gaban da bayan ba su jitu a hannunta ba, kamar mutum biyu a riga ɗaya, amma ta ɗauka haka Allah Ya yi shi. Suka yi ta shawara. A ƙarshe Likita ya ce a yi sarki yadda garinsa ya san shi, da amawali a rufe har hanci, goshi da idanu kuma a ɗauka daga nasa tunda jini ɗaya ne. Abin da na sani na gaskiya, tudun nan da kwarin nan, duk rawani zai rufe su. Madam ta ce duk da haka za ta gina su a ciki, don rawani ba ya zama daidai sai a kan ƙoƙon kan mai shi.

Saura babban kan da ta riga ta gina. Yana tsakiyar rumfar a kan wani dogon katako, lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle don kada ya bushe. Ta yaye ƙyallen. Babana ne daidai girmansa, ɗanye, da danshi a goshi kamar ya taso daga alwala, kai a karkace yana saurare. Ba ta ɗora masa rawani ba tukuna. Ta bi kan da wani ƙarfe mai haƙora don yumɓun rawanin ya kama, sai ya zama kamar sumar da ta kwana biyu ba a aske ba.

Ta tambaya ta bakin Likita: in ina so ta gasa mini shi, in kuma ba na so ta mai da shi cikin bokitin jiƙo, ya narke a yi wani aiki da shi.

Na ce su ɗan ba ni wuri. Na je mota na ɗauko zabira.

Na tuɓe takalmi. Na jiƙa hannu na shafa masa kai. Na ɗauki tsohuwar askarsa, mai ƙotar da yatsunsa suka cinye, na wasa ta, na yi bisimilla, na fara daga goshi. Yumɓun ya riƙa naɗowa a bakin aska siriri-siriri yana faɗowa a kan ƙafata. Iska tana kaɗa itatuwa a waje da wani sauti kamar ruwa na tahowa daga nesa. Ban yi magana ba, don ba a magana in aska tana kan mutum. Na gyara masa saje, na bi gefen gemu, na zagaya bayan kunne. Wannan karon na dube shi ido cikin ido tun daga farko har ƙarshe, bai ɗaga gira ko sau ɗaya ba.

Da na gama na shafe kan da tafin hannu, sumul. Na ɗauke shi da kaina, da nauyi kamar yaron goye, na sa shi a ruwan bokitin a hankali. Na tsaya har ruwan ya yi ja, leɓen ya saki, tsagar ta cike. Daga wannan bokiti Madam ta ɗebi yumɓun da ta gina sarki.

Ban taɓa ganin mutum-mutumin ba. Waɗanda suka je gida sun ce yana nan a ƙofar gidan karatu, wasu tsofaffi na cewa ya yi kama, wasu na cewa ƙyalle ne kawai da idanu.

Shi kuwa ƙaramin kan, gasasshen yumɓu ba ya narkewa. Ranar da muka dawo na tarar da shi a kujerar motata, ban san ko Likita ne ya ajiye ko Madam ba. Na bar shi a baranda ina tunanin inda zan haƙa in binne shi. Da na dawo aiki washegari ba ya nan. Ban tambaya ba. Sai da aka sake kirana askin suna na buɗe kabad, na gan shi a kan katakon sama kusa da zabira, naɗe cikin sabon kallabin Hajiya wanda ba ta taɓa ɗaurawa ba. Har yau ba mu yi maganarsa ba. Amma duk sa'ad da za ta buɗe kabad ɗin nan, sai ta fara gyara mayafinta.